Sun Kulle Innata a Mangazar Butik, Ta Ce Kada In Kai Ƙara

Assalamu alaikum jama'ar wannan gurup. Admin don girman Allah a sa mini saƙon nan ba tare da sunana ba, ni kaina ban damu a san ni ba, amma maganar ta shafi mahaifiyata ce, kuma abin da aka yi da sunanta ya isa haka. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san doka da waɗanda ke da tsofaffi a ƙauye.

Ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Tasawa, asalina wani ɗan ƙauye ne a gefen Maijirgi. Na daɗe a gurup ɗin nan ina karatu ban taɓa rubutu ba, wani lokaci har tsaki nake yi in ce mutum da girmansa ya kwaso maganar gidansu ya zube wa baƙin ido. To yau ga ni na kwaso tawa. An kama Innata a wani butik a nan Tasawa aka ce ta yi sata, aka kulle ta wuni guda, daga baya ta tabbata ba ta ɗauki ko tsinke ba. Ni ina son in kai ƙara, ita ta ce ba ta yarda ba, sunanta kuma yana can yana lalacewa a ƙauye ina kallo.

Sai na fara faɗa muku wani abu kafin ku gane yadda aka yi. Ni ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya ta gaske. Tun da aka haife ni bakinta bai taɓa furta sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, can na girma, shi ya sa idan ta kama dole sai ta ambace ni sai ta ce Ɗan Tsohuwa, ban da gidanmu babu inda aka san wannan suna. Idan na je ƙauye na durƙusa na gaishe ta, amsawa take yi tana kallon wani waje, in tana da saƙo sai ta faɗa wa ƙanwata alhali ga ni zaune. Ina yaro na sha kuka a bayan rumbu ina cewa matar nan ba ta so na, sai da na yi hankali na gane ita ce ke ɓoye mini ƙuli-ƙuli a cikin jakar lakwal ta ce kakata ce ta sa.

A ƙauyenmu kuwa ɗakin Inna shi ne wurin ajiyar mata. Wadda ke tara wa ɗiyarta kayan ɗaki kaɗan-kaɗan, wadda ke da 'yan kunnen gado, wadda ta ɓoye irin gyaɗa don kada maigida ya sayar kafin damina, duk wurinta suke kaiwa. Ba ta rubutu ba ta karatu, ƙulli ne kawai kowa da nata, kuma ban taɓa jin an ce wani abu ya yi ciwon kai a hannunta ba. Inna ba ta da shanu, ba ta taɓa zuwa Makka ba, wannan amanar ita ce duk abin da take tinƙaho da shi, ko da yake ita ba za ta ce tinƙaho ba.

Kwanakin baya matata ta haihu, ɗanmu na farko bayan mun daɗe muna jira. Inna ta zo suna tare da matan ƙauye, ta zauna can ƙurya kamar baƙuwa, da yamma ta bi su suka koma. Ashe abin yana ranta. Ranar kasuwar Tasawa ta shirya ba ta gaya wa kowa ba, ta hau amalanken jakin Kawu Idi, wani dattijo maƙwabcinmu da ke kawo gero kasuwa, ta zo da 'yar gyaɗarta ta sayar. A wurin wani mai tebur cikin kasuwa ta sayi sabulun jarirai da hoda, ta ƙi karɓar leda, ta ƙulle su a bakin mayafinta yadda ta saba ƙulle komai tun tana budurwa. Niyyarta ta ba wata ta kawo gidana a ce daga ƙauye ne. Saura man shafawa, wanda ta ji matata ta ambata ranar suna, mai teburin ya ce ba shi da shi, ta gwada sabon butik ɗin nan na bakin titi.

Butik ɗin irin wanda mutum ke shiga ya zaga ya ɗauki abin da yake so da hannunsa ne, sai a bakin ƙofa ya biya. Inna ba ta taɓa shiga irinsa ba, ita ta san mai kanti yana ciki kana waje, ka faɗa ya miƙo maka. Ta yi sallama ba wanda ya amsa, ta yi ta zagawa tana duba kwalabe tun da ba ta iya karanta su, ta ɗauki ɗaya ta shinshina ta mayar, ganin ba mai kula ta sai ta kama hanyar fita. Mai gadi ya tare ta ya ce ta kwance ƙullin mayafinta. Ta kwance, ga sabulu ga hoda, irin waɗanda ke jere a kan kantarsu. Suka ce ina resi, wato takardar shaidar saye, ku ji fa, resi daga mai tebur a kasuwar Tasawa. Ta ce a kasuwa ta saya, su zo ta kai su wurin mutumin, suka ce duk ɓarayi haka suke cewa. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya zaro waya yana ɗaukar ta bidiyo, ana ɗaga sabulun sama ana nuna fuskarta, sannan suka tura ta mangazar baya inda suke tara kwalaye suka ja ƙofa suka sa kwaɗo, wai sai patoron, wato mai butik ɗin, ya dawo daga Maradi.

A nan ne abin da ke ci mini rai ya faru. Matar da ke karɓar kuɗi a wurin, da alama ta ɗan ji tausayi, ta leƙa ta tagar mangazar ta tambaye ta ko tana da wani a garin nan a kira shi. Inna ta ce akwai, yana karantar da yara a lakwal. Aka ce wace lakwal, ba ta san sunanta ba. Aka ce to shi mene ne sunansa, sai ta ƙi faɗa. Matar ce ta ba ni wannan labari da bakinta daga baya, ta ce sun yi ta juya ta, abin da kawai ta ce shi ne, "Ɗan Tsohuwa muka ce mai. Ɗayan sunan ba ni iya hwaɗi nai." Suka kwashe da dariya, mai gadin ya ce kun gani ko, tana ɓoye 'yan ƙungiyarta. Wallahi da ta faɗi sunana sau ɗaya da an gama, rabin yaran unguwar nan sun bi ta ajina, mai gadin kansa ƙanensa ɗalibina ne. Kuma dukansu Hausawa ne, a cikinsu babu wanda kakarsa ba ta yi wannan kunyar ba, amma ba wanda ya tsaya ya yi tunanin tsohuwar nan ɗan farinta take nufi.

Haka ta wuni a ciki. Azahar ta yi ta roƙi ruwan alwala ba a ba ta ba, ta yi taimama a ƙasan siminti ta yi sallarta a tsakanin kwalaye, la'asar ma haka. Ta roƙi a buɗe ta ta kewaya, aka ce mabuɗi yana hannun wanda ya fita cin abinci. Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba, duk mai tsohuwa a gida ya gane.

Ni kuwa ina can ina gyaran takardun yara ban san ma ta shigo gari ba. Kawu Idi ya gama cinikinsa ya ɗaure jaki yana jiran ta, har masu amalanke suka fara watsewa ba ta zo ba. Yana zaune wurin mai shayi sai ya ji ana dariya ana miƙa waya hannu-hannu, wai an kama wata tsohuwar ɓarauniya, aka miƙo masa shi ma ya gani. Bawan Allah nan a guje ya zo gidana, hularsa a hannu, ya ce, "Mushe, tashi mu tahi, Innakka ta anka kama."

Ba zan ɓoye muku ba, ina da zuciya, duk wanda ya san ni ya san haka. Da na isa butik ɗin na ga kwaɗo a ƙofar mangaza, sai da Kawu Idi ya rirriƙe ni. Da suka gane ni, nan da nan mabuɗin da aka ce ya tafi cin abinci ya fito daga aljihun mai gadi. Aka buɗe, na same ta a tsugune a lungu ta lulluɓe har fuska. Ba ta yi kuka ba, ba ta kalle ni ba, Kawu Idi ta kalla ta ce a samo mata wani zane. Matar mai karɓar kuɗin ce ta cire nata mayafin ta ba ta.

Na ce ba inda za mu sai an duba kyamara, tun da ga ta nan a maƙale a saman ƙofa. Ashe wunin nan duka ba wanda ya duba, wai patoron kaɗai ke da izini. Yana dawowa aka kunna a gabanmu, ga Inna ta shigo da ƙullinta a mayafi tun daga waje, ga ta ta ɗauki kwalba ta shinshina ta mayar, ga ta ta fita. Kawu Idi ya je ya taho da mai teburin yana cikin tattara kayansa, mutumin yana ganin ta ya ce ƙwarai shi ya sayar mata, har sun daɗe suna ciniki. Sai kowa ya sunkuyar da kai. Patoron, wani Alhaji ne mai faɗa a ji a garin, ya ce kuskure ne na yara, a yi haƙuri, sata ta yi musu yawa a 'yan kwanakin nan. Na ce a goge bidiyon, aka goge a gabana, amma ina amfani, ya riga ya zaga gari.

Na so ta kwana gidana ta ƙi. Ta tsaya a ƙofar gida ta ba matata sabulun da hodar ta ce na yaron ne, man ne ba ta samu ba. Matata ta fashe da kuka, ni kuma na shige ɗaki don kada a ga nawa. Kawu Idi ya mayar da ita ƙauye a amalanke.

Bidiyon ya riga su isa. Kun san yadda abin yake, na kamun ya je ko'ina, na wanke ta kuwa babu shi ma balle ya je. Na tafi ƙauye da kaina na yi bayani a ƙofar masallaci, Kawu Idi ya rantse, mutane suka ce Allah ya kyauta, ai mun san Inna. Amma bayan 'yan kwanaki sai mata suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta ce ta zarge ta, kowa da uzurinta, wannan ta ce bikin ɗiyarta ya matso, waccan ta ce maigida ne ya ce a kawo kayan gida. Inna takan shiga ɗaki ta ɗauko ƙullin mutum ta ce a kwance a duba a gabanta, abin da ba a taɓa yi ba. Ƙanwata ta ce mini yanzu ƙarƙashin gadonta fayau yake. Ta daina zuwa rijiya, ta daina zuwa barka da gaisuwar mutuwa, wani yaro mara kunya ya bi jikarta da waƙar sabulu a hanyar lakwal. Abinci sai an matsa mata, ta rame har zobenta yana zamewa.

Na je wurin wani abokina da ke aiki a gidan shari'a na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce a iya saninsa mai butik ba shi da ikon kulle mutum a ɗaki, ko da ya ga satar da idonsa abin da zai yi shi ne ya kira 'yan sanda nan take su zo su yi aikinsu, balle a ce zato ne kawai. Ya ce ɗaukar mutum bidiyo a yaɗa shi da sunan ɓarawo shi ma laifi ne mai zaman kansa, kuma muna da shaidu, ga mai tebur ga Kawu Idi ga kyamararsu, in ba su goge ba. Ya ce in je komisariya, wato ofishin 'yan sanda, in shigar da ƙara kada in bari abin ya huce, amma ya gaya mini gaskiya cewa da wuya a yi ba tare da an saurari Inna ba, za a tambaye ta abin da ya faru a mangazar daga farko har ƙarshe, wataƙila a gaban waɗanda suka kulle ta.

Alhajin da ya ji ina shiga da fita sai ya turo mini dattawa biyu, har da limamin unguwarmu. Suka ce Musulmi ɗan uwan Musulmi ne, a rufa wa juna asiri, Alhaji ya kori wanda ya ɗauki bidiyon, ga kuma buhun shinkafa da turmin atamfa a kai wa tsohuwa. Na ce ni ba shinkafa nake nema ba, abu ɗaya nake so, ya taka da ƙafarsa ya je ƙauyenmu ya tsaya a ƙofar mai gari ya ce matar nan ba ta yi sata ba, kuma ya yi bidiyo da bakinsa a tura inda aka tura na farko. Suka koma suka dawo suka ce Alhaji ya ce wannan zai zubar masa da girma ya kashe masa kasuwa, amma a shirye yake ya ƙara wani abu a kan kayan. Raina ya ɓaci na faɗi maganganun da bai kamata a faɗa a gaban liman ba, suka tashi suka bar kayan a zaurena, har yau suna nan ban taɓa ba. Daga baya wani abokin aiki ya ja ni gefe ya ce in yi a hankali, Alhaji yana da mutane, ni kuma ma'aikaci ne, takardar canjin wurin aiki ba ta da wuyar rubutawa. Wannan bai dame ni ba, ko ƙarshen Mayahi aka jefa ni zan je.

Abin da ya karya ni shi ne Inna. Na je na same ta na durƙusa na ce ina son in kai ƙara, a wanke ta a gaban hukuma, a ba mu takarda a karanta wa duk ƙauye. Yadda ta saba, sai ta kalli ƙanwata ta ce a gaya mini ta bar su da Allah. Na ce Inna ba don su ba ne, don sunanki ne, kina gani mata sun kwashe ajiyarsu. Ta ce kayansu ne. Na ci gaba da magiya, na ce ba za ki daɗe ba, tambayoyi kaɗan ne. Sai ta juyo ta dube ni ido cikin ido, ban saba da hakan ba har sai da na sunkuyar da kai. Ta ce, "So kake in tsaya gaban maza in hwaɗi abin da ya same ni cikin ɗakin nan? Su ba su san ni ba sunka tona mani asiri. Kai ko ka san ni."

Na tashi na fita bayan gari na zauna a gindin wani gawo na yi kuka kamar ba magidanci ba.

Kafin in baro ƙauyen ta sa ƙanwata ta miƙo mini wani ƙulli, na Gwaggo Dije ne, ƙawarta tun suna 'yan mata, ita kaɗai ce ba ta zo karɓar nata ba. Ta ce in kai mata, gara ta mayar da kanta kafin a tambaye ta. Na kai, Gwaggo Dije ta zage ni tas ta ce wa ya aike ni, ta ɗora ƙullin a ka ta tako har ɗakin Inna ta dire shi a gabanta ta ce ba ta karɓa. Inna ta ce ita ma ba ta riƙewa. Haka na bar su zaune a kan tabarma, ƙullin a tsakaninsu, su biyun suna share hawaye. Da Gwaggo Dije ta rako ni bakin hanya sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Ɗana, kak ka biye mata. In ka ƙyale, ɗakin nan za ta zamna har a hiddo ta a makara, jikokinta kuma da wanga suna za su tashi."

To jama'a kun ji inda nake. Idan na kai ƙara na saɓa wa mahaifiyata, na ja ta zuwa inda za ta faɗi abin da ta fi son ta mutu da shi a cikinta, kuma ban san ko za ta yafe mini ba. Idan na yi shiru na karɓi shinkafa, waɗanda suka kulle ta sun ci bulus, gobe wata tsohuwar za su kulle, ita kuma tana can tana ƙarewa a ɗaki. Matata ta ce in bi maganar Inna, Kawu Idi ya ce in bi ta Gwaggo Dije, dattawan Alhaji kuma suna jiran amsata.

Masana doka na cikinku, shin akwai hanyar da zan shigar da ƙarar nan a madadinta ba tare da an tsayar da ita a gaban mutane ba, ko a samu mace ta saurare ta ita kaɗai a ɗaki? Akwai yadda hukuma za ta tilasta wa mai butik ya fito ya wanke ta a bainar jama'a ko da ba a je gaban alƙali ba? Malamai, idan uwa ta hana ɗanta nema mata haƙƙinta, ya bi ta ko ya nema? Ku kuma iyaye mata, ku nake so ku fi ba ni amsa, don ku kuka san abin da take ji. Da ke ce aka yi wa haka, ɗanki ya zo ya durƙusa, kika ce masa ya bari, har cikin ranki so kike ya bari?

Don Allah kada a zagi Innata a kwamen, kada a ce mata baƙauya, ta sha isasshe. Ku sa ta a addu'a, ku faɗa mini abin da zan yi.